Kwana a tanti cikin hunturu: hamadar Agadas ko duwatsunmu na nan Gana?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'ar gida, iyaye da yayye ina gaisuwa. Mu samarin bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, mu goma muke shawara in hutun Disamba ya zo mu fita daji mu kwana a tanti, ba otal ba ba gidan ɗan uwa ba, irin wurin nan da babu famfo babu lantarki babu masai, kai da kayanka kawai. To kai ya rabu, wasu sun ce hamada suke so wai Agadas, wasu sun ce mu nemi dutse a nan gida. Wanda ya san kan abin dan Allah ya ba mu haske.

Fita na Magazine: Chale ku bari mana. Mutum na da ɗaki da katifa da fanka zai biya kuɗin mota ya je ya kwanta a ƙasa. In wahala kuke marmari ku zo garejinmu na Suame a nan Kumasi gobe da safe akwai injin da za a sauke. Kwana babu wuta kuwa ai dumsor, yawan ɗauke lantarkin nan, ya riga ya koya mana kyauta

Ɗan Aboabo: Masta ai ba ɗaya ba ne 😂

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana wane ne a cikinku ya kawo maganar Agadas, ya taɓa wuce Paga ta bakin iyakarmu da Burkina kuwa? Ni na yi shekaru ina ɗauko albasa daga Nijar, Galmi da ta Agadas ɗin kanta wadda ake saukowa da ita daga lambunan Tabelot, don haka bari in faɗa muku abin da na gani. Ƙasar tana da kyau wannan ba ƙarya, duwatsun Ayar baƙaƙe ƙirin, ka shiga Timia ka tarar da lemo da rumman a tsakiyar duwatsu har ka rasa ta ina ruwan ya fito, ga dutsen Bagzan wanda ya fi kowane tsawo a Nijar mita 2,022. Amma ba wurin da yara goma za su ɗauki jaka su ce sun tafi yawon buɗe ido ba ne yanzu. Hanyar da muke bi ta Wagadugu da Fada Ngurma zuwa Yamai ta lalace da 'yan bindiga, manyan motoci ma sai da rakiyar soja, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 shiga da fita ya ƙara tsauri. Ko lokacin da ake zaman lafiya ba a shiga hamadar Tenere da mota ɗaya, biyu ne ƙaranci, da Buzu ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi.

Kuma ku tuna 2017, mota ta mutu tsakanin Agadas da Dirku mutum 44 ƙishirwa ta kashe su, da yawansu 'yan Gana ne, har da mata da jarirai. Ba harbi ba ba komai ba, ruwa ne ya ƙare.

Hajiya Mai Waakye: Innalillahi. Alhaji kun gama magana. Wanda ya ce sai Agadas a turo mini lambar uwarsa

Sarkin Ataya: Mma Hajiya ni ne fa, a yi mini rai 🙏 Kawu ni ba Libiya na ce za ni ba, hotunan tudun yashi na gani da taurari na ce ko sau ɗaya mutum ya gani da idonsa kafin ya mutu.

Kawu Direba: Allah ya nuna maka cikin lafiya, amma ba bana ba. In ƙasa ta kwanta ka je lokacin bikin gishiri na Ingal cikin Satumba, Buzaye da Bororo duk suna taruwa, ka kwana cikin jama'a ka ci tagella, burodin da suke binnewa a yashi mai zafi da garwashi su tono su kakkaɓe su gutsuttsura cikin miya. Wannan ya fi ka je ka ɓata a Tenere inda itace ɗaya tak ya yi suna a duniya don babu wani kusa da shi, shi ma wani direba ya banke shi a 1973, yanzu yana gidan tarihi na Yamai an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Kada Fita ya ce komai a kan direbobi.

Fita na Magazine: Kawu ban ce komai ba. Fili iya ganinka itace ɗaya kuma shi aka samu 😭

Borga na Bronx: Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki na ga saƙonni. Kawu ina gaisuwa. Abin nan da kuke magana a nan Amurka babbar harka ce, na yi shi da abokan aiki a Kalifoniya da Arizona. Akwai filayen gwamnatin tarayya da za ka kafa tantinka kyauta har kwana 14 sannan doka ta ce ka matsa, babu komai a wurin sai kai da Allah. Akwai kuma irin na Joshua Tree da suka ɗan gyara, za ka samu tebur da zoben ƙarfe na hura wuta da masai na rami, amma yawancinsu ko ɗigon ruwa babu, kai za ka zo da abinka. Lissafin da suke bayarwa galan ɗaya na nan, kusan lita 4, ga mutum ɗaya a rana ɗaya, kuma wannan ƙaranci ne, in za ka yi tafiyar ƙasa cikin rana ka ninka. Mu kuma da muke alwala sau biyar ga tsarki ga ataya, namu ya wuce nasu nesa.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki sanyi ne. Kowa ya ji hamada sai ya tuna zafi, gaskiya ne Death Valley an taɓa auna digiri 56.7 a 1913, amma da yake babu gajimare babu laima a iska, rana na faɗuwa zafin da ƙasa ta sha sai ya gudu sama gaba ɗaya, cikin Disamba ruwan da ka bari a kofi waje kana iya tarar da shi ya daskare. Kuma sanyin ta ƙasa yake shigarka ba ta sama ba, bargo uku a kanka tabarma ɗaya a ƙarƙashi aikin banza ne wlh, gara katifar soso ko da siririya ce.

Ticha Asawase: Borga ya kawo lissafi bari in sauke shi a kan kayanmu na nan. Jakar piya wata ɗaya leda 30 ce kowace rabin lita, lita 15 kenan. Ku goma, wuni uku, lita 4 kowa, lita 120, jaka takwas na sha zalla. Girki da alwala da wanke kwano kuma sai jarkar nan da muke ce wa galan ɗin Kufuor mai lita 25 kamar guda uku ko huɗu. Yanzu ga inda maganar take, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wa zai ɗauki kilo 25 a ka ya hau dutsen Afadjato na yankin Volta? Na kai ɗalibai can, hawan bai fi awa ɗaya ba ga mai ƙarfi amma a miƙe yake, wasu wuraren da hannu da ƙafa ake yi ana kama saiwa, yaran da suka fi cika baki a mota su suka fara zama a kan dutse suna haki. Saman kuma ɗan fili ne iska ta ko'ina, babu inuwa babu ruwa. Shawarata ku kafa tanti a ƙasa a Liati Wote, garin da ke gindin dutsen, inda mota za ta kai muku kaya, akwai ofishin baƙi na garin ku biya su ba ku ɗan jagora, ku yi asuba ku hau da leda uku uku a jaka ku sauko kafin rana ta yi zafi, da yamma ku taka zuwa ruwan Tagbo mai zubowa daga saman dutse. Washegari in da sauran ƙarfi ruwan Wli, shi ma mai zubowa daga dutse, na nan kusa ta wajen Hohoe, ku ga jemagu dubbai manne a jikin dutse.

A littafin makaranta mita 885 muke koya wa yara tsawon Afadjato, kada wanda ya ji 2,022 na Kawu ya raina shi, ƙafa ce za ta ba ka labari.

Sarkin Ataya: Ticha to in a gindin gari za mu kwana me ya raba mu da kwana a farfajiyar makaranta? Mu fa daji muke so, inda ba kowa.

Ticha Asawase: Inda ba kowa a Gana? Ƙanena duk dajin da ka gani yana da mai shi, ko gonar wani ce ko ƙasar sarki ko ta gandun gwamnati ko wurin tsafin mutanen garin.

Kawu Direba: Ticha ka taɓo inda nake so in zo, kuma wannan ya fi maganar ruwa ma a wurina. Samarin zango goma, wasu da gemu, da tanti da adda da tocila a dajin da ba a san su ba, cikin dare. Wanda ya hango ku me zai ce? Ba zai ce 'yan yawon shan iska ba ne. Zai ce 'yan fashi ne ko 'yan galamse masu haƙar zinare ba izini ko ɓarayin shanu, kuma kafin ku buɗe baki an riga an buga waya. Mu mutanen Asawase ba mu manta Manso Nkwanta ba, Yulin 2018, yaranmu bakwai aka harbe aka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa ya zo ya ce babu hujjar haka. Saboda haka duk inda za ku, da rana tsaka za ku isa, ku fara da gidan sarki ko asambuliman, wato kansilan wurin, ku gaisa ku faɗi ko ku su wane ne, ku leƙa ofishin 'yan sanda in akwai a rubuta sunayenku, kowa da Gana kad ɗinsa, katin ɗan ƙasa, a aljihu. Su za su nuna muku inda za ku kafa. Kakanninmu fatake da suke zuwa Salaga sayen goro daga Kano da jakuna ɗaruruwa, madugu bai taɓa sauke ayari ba sai jagaba ya riga ya shiga gari an yi magana da masu ƙasa an biya abin da za a biya.

Ɗan Aboabo: Kawu wallahi wannan ko kaɗan bai zo mana a rai ba. Allah ya ƙara girma.

Borga na Bronx: Gaskiya Kawu, a nan ma baƙin mutum yana duba inda zai kafa tanti sau biyu, bare a gida da babu tsarin.

Anti Nas Tafo: Ina ta karantawa ina jira a zo wajen lafiya ba a zo ba. Abu na farko kolpot, murhun gawayi. Na san ku, sanyi zai kama ku ƙarfe biyun dare wani mai wayo ya ce a shigo da gawayi cikin tanti a zuge zif. Gawayi yana fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci mai daɗi shi kenan ba zai farka ba, ana kawo mana irinsu daga ɗakuna ma da hunturu balle ɗan tanti. Ko garwashin ya yi kamar ya mutu kada ya shiga. Silinda ma waje, maganin sauro na hayaƙi ma waje don yadin tantin roba ne narkewa yake a jikin mutum.

Na biyu maciji. In arewa kuka nufa akwai kububuwa, 'yar ƙarama ce kalar ƙasa amma ita ta fi kashe manoma a can, dafinta hana jini daskarewa yake. Wanda aka sara kada a tsaga kada a tsotsa kada a ɗaure tam da igiya, a cire zobe da agogo a hana ƙafar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma tun kafin ku tafi ku san wane asibiti ne mafi kusa da ku. 112 ne lambar gaggawa amma ba ko'ina netwok yake ba. Takalmi a kakkaɓe kafin a sa saboda kunama, dare kuma ba a fita fitsari da silifas babu tocila. Ku sayi ORS, garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, da yawa arha ne. Kuma hunturu ba ya hana sauron Volta cizo.

Fita na Magazine: Anti duk wannan kuma da kuɗinsu za su je. Allah ya shirya

Hajiya Mai Waakye: Ni dai tanti na san shi a Mina, kuma daren Muzdalifa ko tantin babu, tabarma ce a kan tsakuwa jakarka matashinka, da mai kuɗi da talaka. Maganar wuta da Anti ta yi ku riƙe ta, gobarar Mina ta 1997 daga wajen girki ta tashi iska ta kwashe ta, alhazai sama da 300 suka rasu, bayan nan ne Saudiyya ta canja tantunan zuwa waɗanda wuta ba ta ci. To ku da ciyawar Disamba busasshiya ta kewaye ku fa? Ku share wurin murhu sai kun ga ƙasa tsirara, ku kewaye da duwatsu, in an gama a zuba ruwa a juya tokar a sake zubawa. Mu da muka ga 1983 mun san abin da wutar daji ta yi wa ƙasar nan, gonakin koko suka ƙone ga fari ga yunwa muna layin burodi. Ku ƙona gonar wani a ƙasar Ewe ku ga ko akwai mai belinku.

Abinci kuma kada ku wahalar da kanku da shinkafa da wake, cin ruwa da gawayi ne da su. Gari, shito, sardin, ƙuli, dabino, kilishi, burodi da milo. Ledojin piya wata kuma ku tattaro abinku ku dawo da su, jaka takwas leda 240 kenan, kada a ce 'yan zango sun zo sun tafi.

Malam na Sawaba: Assalamu alaikum. Fita cikin ƙasa don ganin halittar Allah abu ne mai kyau in an kiyaye salla. Tafiyarku ta wuce nisan kasaru, Kumasi zuwa Hohoe ko Damongo ta haura kilomita 80 nesa ba kusa ba, kuma tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba azahar da la'asar da isha raka'a biyu biyu ne. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa sha ya gabaci alwala, a yi taimama da ƙasa mai tsarki ko dutse. Amma wanda ya bar galan a mota don ƙyuya ba shi da wannan uzurin. Akwai hadisai da suka dace da ku sosai, an hana matafiyi sauka a kan hanya da dare domin nan ne mabiyar dabbobi da ƙwari masu dafi, an umarce mu da kashe wuta kafin barci, an kuma hana biyan buƙata a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa da mashayar ruwa. In mutanen gari suka ce wancan dutsen ko kurmin ba a shiga, ku bar musu abinsu ba tare da izgili ba, ba wa'azi kuka je ba.

Borga na Bronx: Malam abin da kuka faɗa na biyan buƙata shi ne dokar nan ma, rami mai zurfin kamar tsawon tafin hannu, taku 70 daga ruwa da hanya da tanti, a rufe in an gama. Ku tafi da ƙaramin shebur ko fartanya. Sai wani abu da na manta, busasshen rafi. Yashinsa laushi ga shi a shimfiɗe, shi ya fi jan hankalin baƙo, to nan ne bai kamata ba. A 1997 a Antelope Canyon ta Arizona ruwa ya kashe 'yan yawon buɗe ido 11, kuma ruwan saman can nesa aka yi shi ba a kansu ba.

Kawu Direba: Haka Buzaye ma, ba sa kwana a cikin kori da damina ko sama tana tas. Kuma a ƙara da gindin babban itace in hadari ya taso, Kintampo 2017 itace ya faɗo wa 'yan makaranta a wajen ruwan nan mai zubowa daga dutse kusan 20 suka rasu.

Sarkin Ataya: To tunda an kashe Agadas ni gandun dajin Mole na zaɓa ba Volta ba. Ko ba komai arewa ce, akwai hunturu na gaske da sarari, mu yi salla a tsohon masallacin Larabanga mu ga giwa. Volta ai kurmi ne irin namu na Asante.

Ticha Asawase: Mole ba laifi kuma lokacin ya dace, da rani giwaye ke saukowa tafkin da ke ƙasan tudun masaukin baƙi kana zaune kana kallonsu. Hanya ma ta yi kyau, Techiman, Kintampo, Buipe, ka karya a Fufulso zuwa Damongo. Akwai filin kafa tanti kusa da masaukin. Sai dai ka sani can ba ka taka ko'ina sai da ma'aikacin gandu mai bindiga, wato inda ba kowa ɗin da kake nema can ma babu shi, kuma silifas ba sa yarda sai rufaffen takalmi. Gwaggon biri kuma ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, na ga wani ya zauna ya zuge zif ɗin jaka da yatsunsa ya ciro burodi ya bar ledar, mai jakar na tsaye yana ihu ko kallonsa bai yi ba. Abinci a mota ake kullewa ba a tanti ba. Baƙaƙen kaya da shuɗi kuma ƙudan tsando ke bi.

Ni abin da ya sa na ce Volta, ku sababbi ne, can in tanti ya ba ku kunya gari na kusa. Sai dai raɓa, gefen dutsen nan ko da rani sai ka tashi ka ga rufin ya jiƙe sharkaf, don haka kada a sayi tanti marar rufi na biyu.

Ɗan Aboabo: Ticha tantin ma ba mu saya ba tukuna, na fos, wato na gwanjo, muke nema a kasuwar Kejetia.

Ticha Asawase: To ku sa mai kayan ya kafa shi a gabanku kafin ku biya, ku ƙirga sandunan ku gwada kowane zif ku ɗaga yadin a rana ku ga huji. In an rubuta na mutum huɗu ku lissafa uku da jakunkuna. Kuma ku gwada kafawa a filin makaranta tun a gida, ba sai magariba ta yi a daji ana neman wace sanda ke shiga ina ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kusan ta wajen alƙiblarmu, to ƙofar ta ba alƙibla baya in ba haka ba ƙura za ku kwana sha.

Fita na Magazine: Waɗannan 'yan turakun waya da ke zuwa da tantin fos ku zubar, ƙasar arewa da rani siminti ce bugu ɗaya sun lanƙwashe. Ku kawo ragowar rodi mai mili 10 in yanka muku tsawon taƙi ɗaya da rabi in lanƙwasa kan in fiƙe bakin. Ba don na yarda da haukan ba. Kuma ba kyauta ba

Borga na Bronx: 😂 Masta ya shigo. In yashi ne kuma turke ba ya kamawa ko na rodi ne, sai a cika buhu da yashi a ɗaura igiya a binne.

Hajiya Mai Waakye: Wai duk maganar nan ban ji an ce an tambayi iyayenku ba. Sarkin Ataya har yanzu ina jiran lambar.

Sarkin Ataya: Mma ai an fasa Agadas ɗin 😩

Ɗan Aboabo: Mun gode iyaye. Mun ƙirga a bes yanzu, shida Liati Wote, uku Mole, ɗaya ya ce matarsa ta ce babu inda za shi. Ticha in kuna da hanyar da za mu samu mutanen ofishin baƙin ku turo mini ta gefe mu ji ko suna barin a kafa tanti da nawa ne. Masta turaku nawa ake buƙata wa tanti uku?

Fita na Magazine: Ku kawo tantin in gani tukuna, ba na yanka ƙarfe da ka. Asabar bayan azahar, kuma ku zo da rodinku